Ajin Adabi a Jami'a: Abin da Ake Nema Wurin Ɗalibi

Daga Kwanar Ɗangora hanya biyu ce a gaban yaron da ya samu gurbin karatun jami'a: ko ya yi arewa zuwa Jami'ar Bayero a Kano, ko ya yi kudu zuwa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kowace shekara samari da 'yan mata daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna bin ɗaya daga cikin hanyoyin nan, kuma a cikinsu akwai waɗanda aka tura sashen da ake nazarin harshe da adabi da al'adun Hausa. Da yawansu, har da iyayensu, sukan ɗauka banza ta faɗi. Ai Hausa ce, a cikinta aka haife shi, me kuma za a koya masa? Kafin zangon farko ya ƙare wannan zato ya rushe. Yaron da ya tashi yana jin tatsuniya a bakin kakarsa sai ya tarar ya faɗi kwas ɗin adabin baka, ya yi ta mamaki. Hausarsa ba ta gaza ba. Abin da ya kuɓuce masa shi ne sanin abin da ajin adabi yake nema wurinsa, kuma sau da yawa babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa.

Dokokin da aka rubuta a littafin jagoran ɗalibai ba su da wuyar ganewa. A yawancin jami'o'in Nijeriya sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Ana raba maki gida biyu: kashi 30 ko 40 na jinga da gwaji ne a cikin zango, sauran na jarrabawar ƙarshe. Wanda ya faɗi kwas sai ya maimaita shi. Satar amsa tana jawo kora, kuma akwai dokar tarayya ta 1999 da ta tanadi tara da ɗauri a kanta. A shekarar ƙarshe kowa zai rubuta kundin digiri. Waɗannan sun hau kan ɗalibin lissafi kamar yadda suka hau kan ɗalibin adabi. Amma a ajin adabi dukansu suna komawa ga buƙata guda: ɗalibi ya tunkari littafi ko waƙa da idonsa da kunnensa, sannan ya faɗi gaskiya kan inda ya samo kowace magana da ya rubuta. Wanda ya riƙe wannan, sauran dokokin za su zo masa da sauƙi. Wanda ya sake shi, ko ya cika kowace rajista, fanko zai fita.

Mu fara da karanta littafin. Babu ɗalibin Hausa da zai gama ba tare da an gabatar masa da littattafan da suka fito bayan gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933 ba: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Dukansu sirara ne, kowanne ana iya gama shi a yini ɗaya ko biyu. Duk da haka al'adar da ta yi katutu ita ce ɗalibi ya nemi handawut na shafi huɗu da wani ya taƙaita labarin, ya haddace jigo da salo da sunayen taurari, ya juye a takardar jarrabawa. Taƙaitawar za ta gaya masa cewa Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi ta karo da Malam Zurƙe, ya dawo da nasara. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne littafin ba. Littafin yana cikin yadda mutum biyun nan suke rama wa juna mugunta gari bayan gari, da yadda Abubakar Imam yake sa mai karatu ya goyi bayan wanda shi ma ba kanwar lasa ba ne, da irin Hausar da yake sa wa bakin baƙauye da bakin alƙali da bakin Bature. Idan malami ya ce a kwatanta halin Alhaji da na Zurƙe tare da misalai uku daga littafin, mai handawut ya tsaya cak, domin misalan suna shafukan da bai buɗe ba. Haka wanda bai bi mahaifiyar Umar shafi bayan shafi ba, tana ratsa Sahara tana neman ɗanta, zai iya rubuta cewa jigon Shaihu Umar shi ne bauta, amma ba zai iya nuna abin da bauta ta yi wa uwa ba.

Za a ce, da gaskiya kuwa, littattafan ba sa samuwa. Wasu sun daɗe ba a sake buga su ba, ɗakin karatu na da kwafi ɗaya ko biyu ga aji mai ɗalibai fiye da ɗari, kuma yaron da ubansa ya sayar da buhun masara a Doguwa ya biya masa kuɗin rajista ba shi da rarar sayen littattafai goma. Wannan uzuri ne mai nauyi, kuma laifin ba na ɗalibi ba ne. Sai dai ya kamata a lura da cewa kuɗin da ake kashewa wajen ɗaukar hoton handawut kala-kala a zango guda sukan isa sayen littafi biyu ko uku, kuma ɗalibai biyar da suka haɗa kuɗi suka sayi kwafi ɗaya suna karɓa-karɓa sun fi wanda ya mallaki tarin taƙaitawa shi kaɗai. Ƙarancin littafi hujja ce ta matsa wa hukuma da maɗaba'a lamba. Ba ta isa ta zama hujjar soke sharaɗin karatu ba, domin idan aka soke shi babu abin da ya rage a kwas ɗin.

Doka ta biyu ita ce ta ambaton madogara, kuma ita ce ɗalibai suka fi ɗauka a matsayin fitinar malamai. Idan ka ɗauko yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya karkasa adabi a littafinsa na Rabe-raben Adabin Hausa na 1984, sai ka faɗi haka. Idan tarihin rubutun boko da ajami ka ɗebo daga Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988, sai ka sa sunansa da shekara da shafi. Wasu kan ce wannan tsarin Turawa ne. Ai kuwa duk wanda ya zauna a zauren malami a ƙasar Hausa ya san ba a karɓar hadisi babu isnadi, kuma malaman jihadi, Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, sun cika littattafansu da sunayen waɗanda suka ciro wa magana. Faɗin inda ka ji abu tsohuwar tarbiyyarmu ce. Wasu kuma kan kawo Abubakar Imam: ba shi ma ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa ba? Ya ɗebo, kuma manazarta irin su Ibrahim Malumfashi sun bi diddigin tushen labaran. Amma Imam ƙagaggen labari yake rubutawa, ya narka abin da ya aro har ya koma Bahaushe tsantsa, da sarki da waziri da fadawa irin namu. Ɗalibi kuwa nazari yake yi, kuma darajar nazari ita ce mai karatu ya iya rarrabe abin da aka riga aka sani da abin da wannan ɗalibin ya gano. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ta shigo wayar kowa, haɗarin ya ninka, domin takan ƙaga sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, ta jingina wa Aƙilu Aliyu ko Mu'azu Haɗeja baitin da ba nasa ba, cikin lafazi mai gamsarwa. Ɗalibin da bai taɓa riƙe Fasaha Aƙiliya ba ba zai gane an yi masa ƙarya ba. Malaminsa zai gane.

A fagen adabin baka kuwa ɗan kudancin Kano yana da gata, idan ya san darajar abin da ya baro a gida. Babban ɓangare na kwas ɗin adabi na adabin baka ne, kuma kundin digiri yakan buƙaci a fita a tattaro. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, da nazarin waƙoƙin Mamman Shata ya samu digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar feɗe irin waɗannan waƙoƙi a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993. An yi rubutu mai yawa kan Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo, har ɗalibai sun koma maimaita juna. Amma kirarin mafarautan da suka san dajin Falgore, da waƙoƙin gayya da na daɓe da na niƙa a ƙauyukan Kiru, da labaran mutanen da aka tasa daga garuruwansu lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Audu Baƙo, wadda aka kammala a 1974, da abin da tsofaffin Riruwai suke tunawa na haƙar kuza, da yadda Hausa take cuɗanya da harshen Kurama da Fulatanci a Doguwa, duk wannan yana bakin mutanen da ɗalibin yake gaisarwa kowace safiya. Ɗan birni sai ya nemi ɗan jagora kafin a buɗe masa ƙofa. Shi kuwa gidansu ne.

Dokar madogara tana biye da shi har can. Idan ya zauna gaban tsohuwa a Tudun Wada ya ajiye waya yana naɗar waƙar niƙa, sai ya fara neman izininta, ya gaya mata abin da zai yi da muryarta. Sai ya rubuta sunanta idan ta yarda, da kimanin shekarunta, da unguwa, da rana, da wurin wanda ta koyi waƙar. Idan ya koma ɗaki zai sa abin ji a kunne ya riƙa tsayar da sautin layi bayan layi yana rubutawa, kuma waƙar minti goma tana iya cinye masa dare guda. Inda ta yi tari ta sake ɗauko baiti, haka zai rubuta. Inda ta yi amfani da kalmar da bai sani ba, ba zai musanya ta da wadda ya sani ba, zai koma ya ce, “Iya, wannan me ake nufi da ita?” Tsohuwar nan madogara ce daidai da farfesa, kuma shafe sunanta a sa waƙarta kamar daga sama ta faɗo satar fasaha ce, ko da babu kwamitin ladabtarwa da zai kama shi.

Ƙa'idojin rubutu su ma suna cin maki, kuma suna jawo ƙorafi. Ɗalibi zai ce ai an gane abin da yake nufi, me ya sa za a rage masa don ya bar lanƙwasar ƙ ko ɗ ko ɓ, ko don ya haɗa kalmomin da ake rabawa? Amsar gajera ce. An sha zama kan daidaita rubutun Hausa, har da taron Bamako na 1966, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006 domin a samu abin komawa. Masu digirin nan su ne za su koyar a sakandare, su yi fassara a kotu da asibiti, su rubuta labarai a rediyo. Idan su ba su kiyaye ba, babu mai kiyayewa. Karin harshen garinsu kuwa yana da wurinsa: a cikin maganar da aka naɗo, a bar shi yadda aka furta.

Saura halartar aji, wadda ta fi takura wa na nesa. Motar Doguwa zuwa Kano tafiyar sa'o'i ce, damina tana kiran hannu a gona, ga ɗalibai mata masu goyo. Ya dace sashe ya saurari uzuri na gaskiya, ya kuma sanar da ranakun gwaji tun farkon zango. Amma waƙa aba ce ta kunne. Karin Infiraji na Aliyu Namangi da amsa-amonsa ba sa fitowa sosai sai an rera, wasan kwaikwayo irin Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ba ya rayuwa sai an raba wa mutane baki sun karanta. A aji ne kuma ɗalibi yake koyon abin da ya fi wuya, wato ya saɓa wa malaminsa cikin ladabi da hujja. Manyan malaman ma sun saɓa wa juna: shekaru aka yi ana muhawara a jaridu tsakanin Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da wasu kan darajar littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Ba a neman ɗalibi ya haddace wanda ya yi nasara. Ana neman ya karanta littattafan ya ɗauki matsayi, ya nuna shafin da ya dogara da shi.

Duk wannan yana ɗora nauyi a kan malamai ma. Malamin da yake so a karanta littafi dole ya ba da jerin littattafan a makon farko, ya duba jinga ya mayar da gyara, ya daina fifita amsar da ta maimaita kalmominsa a kan wadda ta zo da sabon tunani, kuma kada ya ɗaura maki a kan sayen abin da ya wallafa. Dokar da ta hau kan ɗalibi kaɗai ba ta daɗewa ana girmama ta.

Ga iyaye da shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da ƙungiyoyin ɗalibai na waɗannan garuruwa, akwai abin da ke hannunku tun kafin yaro ya kai jami'a. Ku sa Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce da Shaihu Umar da Ƙamusun Hausa a kowace sakandare, a kan kanta inda hannun yaro zai kai, a bar shi ya tafi da su gida. Kuma idan ɗanku ya dawo hutu da waya da littafin rubutu yana neman tsofaffi su yi masa waƙa, ku raka shi, ku gabatar da shi, domin aikin da aka tura shi ke nan.