Akwatin da ke Riƙe da Linzamin Famfon Sola

A kwarin Dallol Boso, daga Baleyara zuwa Bonkuku har Filinge, ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin yashi. Shi ya sa noman rani ya zauna da gindinsa, dankalin Bonkuku ya yi suna har kasuwannin Yamai. Yanzu masu garka sun fara sakin injin fetur suna kama famfon sola. Sai dai wurin ciniki ido yakan tsaya kan faranti da famfo, a manta da ƙaramin akwatin da ke tsakaninsu, alhali a hannunsa linzamin injin yake.

Injin lantarki mai waya uku bugun wutar da aka ba shi yake bi. Wutar kamfanin lantarki na NIGELEC tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, don haka injin famfo yakan juya kusan sau 2,900 a minti, ko ana so ko ba a so. Akwatin nan kuwa yana karɓar wutar faranti, wadda hanya ɗaya take bi, ya ƙera nasa bugun: da sassafe sannu-sannu, rana tsaka da ƙarfi, in ƙurar hunturu ta dushe rana ya sassauta, maimakon injin ya cije yana zafi.

Sassautawar nan riba ce babba. A famfo mai fanka, in an rage gudu da kashi 20 cikin ɗari, wutar da yake ci takan sauka kusan rabi. Inda ruwa ke kusa lissafin ya fi ci. A rijiya mai zurfi, in gudu ya yi ƙasa ainun, ruwan ba ya kai baki. Ja a hankali kuma yana ba rijiya damar tsattsafowa, yana rage yashin da ke cinye fanka.

Abin da ya fi damuna shi ne alkiblar juyi. Musanya waya biyu cikin ukun, injin ya koma juyin baya. Famfon ba ya yin shiru, yakan ba da ruwa amma a raunane, sai mai garka ya ce rijiya ta ja baya, ko ya ci bashi ya ƙaro faranti. Gwajin kuwa ba ya cin ko dala: a cika ganga ana duba agogo, a kashe akwatin, a dakata mintoci wutar da ya ajiye ta sauka, mai gyara ya musanya wayoyin, a sake cikawa. Haɗin da ya fi saurin cika gangar shi za a ɗaure, a yi wa wayoyin alama da fenti.