Sihiri da Ƙa'idojinsa a Wasan Kwaikwayo na Kan Tebur



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ake kafa wa sihiri doka a cikin wasa, da kuma abin da marubucin Hausa zai ƙaru da shi. Sihirin da muke nufi na cikin labari ne, irin wanda muka saba ji a tatsuniya.

1. Asalin wasan

A shekarar 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Mutane kan zauna a gefen tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, kamar yadda yaranmu ke zama sarki ko dogari a wasan tashe. Mutum guda ne jagora: shi ke ba da labari, shi ne kuma alƙali. In ɗan wasa ya ce zai yi wani abu mai wuya, sai a jefa ɗan ludo, galibi mai fuska 20, a ga ko ya dace.

2. Hanyoyi biyu na kafa doka

Hanya ta farko an aro ta ne daga littafin Jack Vance, The Dying Earth, na 1950. Mai sihiri yakan haddace 'yan ƙididdigaggun asirai, kowanne da aikinsa. Da zarar ya jefa ɗaya ya fita daga kansa sai ya huta ya sake haddacewa. Saboda haka dole ya yi tattali.

Hanya ta biyu ita ce ta wasan Ars Magica na 1987. A nan sihiri kamar nahawu yake: akwai aikatau 5, wato ƙirƙira, ganewa, sauyawa, rushewa da sarrafawa, da kuma sunaye 10, irin su wuta, ruwa, dabba da tsiro. Ɗan wasa ya haɗa aikatau da suna, ya sami asiri. Amma wanda ya ƙaga nan take bai kai ƙarfin wanda ya daɗe da koyo ba.

3. Abin da Bahaushe ya riga ya sani

Wanda ya taɓa zama da tsofaffin mafarauta a ƙasar Tudun Wada ko Doguwa, a bakin Dajin Falgore, ba zai ji wannan baƙon abu ba. A labarunsu, layar zana ɓatar da mutum take yi, baduhu duhu yake sa wa abokin gaba, sagau hannu yake sandarar wa, kau-da-bara kuwa kauce wa saiti ne aikinsa. Kowane asiri da iyakarsa, da sharaɗinsa, da makarinsa. Kowane allazi da nasa amanu.

To, a nan hikima take fitowa. A ce muna wasa, ɓarawo mai layar zana ya shigo zango, ɗan wasa kuma ba shi da komai sai asirin cika gora da ruwa. Sai ya kwarara ruwan a ƙofar zango. Zana jiki take ɓoyewa, ba ta ɓoye sawu, don haka taɓo ya tona ɓarawo. Jagora zai karɓi wannan dabara domin ba ta karya doka ba. Da a ce asirin yana yin komai, da ba wanda zai tsaya tunani.

4. Kammalawa

Ɗalibanmu da ke rubuta labaran jarumta, a kan turbar Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, su lura da wannan. Jarumin da ke ɓacewa duk sanda marubuci ya rasa mafita ba ya sa gaban mai karatu ya faɗi. A faɗi iyakar asirin tun da fari, sa'an nan a tsaya a kanta. Aiki kuma yana jiran 'yan Bebeji da Ƙiru da ke cikin wannan zaure: ku je gida ku rubuta waɗannan kalmomi daga bakin dattawa tun suna raye, domin da su za a gina wasa irin namu.

Allah ya sa mu dace.