Cire mahaifa: ta ciki ko ta gaba?

A ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da an ce likita zai cire wa mace mahaifa, hankalin dangi kan tafi ga kuɗin aiki da wanda zai ba da jini. Ba kasafai ake tambayar ta ina za a bi ba, alhali ni a ganina tambayar ke nan da ta fi shafar mai jikin.

Hanya ɗaya ita ce a tsaga mara. Ɗayar kuwa a zaro mahaifar ta gaba, ba yanka a fatar ciki. Ta biyun ba sabuwa ba ce: tun 1813 wani likitan Jamus, Langenbeck, ya yi ta. Binciken likitoci ya nuna wadda aka yi wa ta gaba ta fi saurin barin gadon asibiti, zazzaɓi da ruɓewar ɗinki sun fi mata sauƙi. Wadda aka tsaga kuwa sai ta yi mako 6 zuwa 8 tana lallaɓa jiki. To, wa zai yi mata daka da surfe da jan guga? Ta ɗaga tulu da wuri, ɗinkin ciki ya saki, wata rana hanji ya turo ta wurin tabon. Ga komawa asibiti wankin ciwo, a hanyoyin da 'yan bindiga suka sa kowa ke fargaba kafin ya bi.

Kada dai a ɗauka ta gaba ba ta da haɗari. Kowace aka bi, jini na iya ɓallewa, ana kuma iya taɓa mafitsara har a samu yoyon fitsari, irin wanda ake gyarawa a Babbar Ruga, Katsina.

Kuma ba kullum ake da zaɓi ba. Ta gaba ta fi dacewa da mahaifar da ta zazzago, abin da ke damun iyayenmu masu haihuwa da yawa, suna ɓoyewa saboda kunya. Amma in ƙari ya girma, ko ciwon daji ne, ko doguwar naƙuda ta fasa mahaifa aka kwaso mace cikin dare zuwa asibitin Funtuwa ko na Shika, nan kam yawanci sai wuƙa. Don haka in aikin ba na gaggawa ba ne, mijin ko ɗan ya daure ya ce, "Likita, Allah ya gafarta, ba za ta yiwu ta gaba ba?" Ya kuma tambaya ko za a bar mata gidan ƙwai, don cire shi ke sa mace ta shiga yanayin manyanta farat ɗaya.