Manhajar da ke kiran ka sallah, wa take gaya wa inda kake?

Idan Azahar ta yi a Nima ko Aboabo, kafin ladan ya gama gyara murya sai ka ji wayoyi sun riga shi: ta mai shago, ta direban tasi, ta hajiya mai sayar da atamfa. Manhajar kiran sallah ta zama kamar carbi, da wuya ka rasa ta a aljihun mutum. Kyauta ake sauke ta, abu ɗaya kawai take nema kafin ta fara aiki, wato izinin sanin inda kake. Hujjarta kuwa mai ƙarfi ce, domin lokacin sallah a Accra daban yake da na Tamale, alƙibla kuma ba ta nunuwa sai an san inda mutum yake tsaye. Sai mu danna "na yarda", mu wuce.

To, bayan mun danna, ina wannan bayani yake zuwa?

A ranar 16 ga Nuwamban 2020, wani ɗan jarida mai suna Joseph Cox ya wallafa bincike a shafin Motherboard na Amurka. Ya gano cewa Muslim Pro, manhajar da masu ita suka ce an sauke ta fiye da sau miliyan 98, tana aika bayanan inda masu amfani da ita suke zuwa ga wani kamfani mai suna X-Mode. Shi kuma X-Mode yana sayar da irin waɗannan bayanai, cikin masu saye har da 'yan kwangilar da ke yi wa sojojin Amurka aiki. Kamfanin da ya mallaki Muslim Pro, wanda ke Singafo, ya musanta cewa ya sayar wa sojoji bayanan kowa, ya kuma ce ya yanke hulɗa da X-Mode nan take. Ko da mun karɓi maganarsa, tambayar tana nan: wanda ya sayar wa dillali kaya, ya san gidan da kayan za su kwana?

Yadda cinikin ke tafiya

Mai haɗa manhaja yana da ma'aikata da zai biya, ga shi bai karɓi ko kwabo daga hannunka ba. Banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa. Sai dillalin bayanai ya zo masa da tayi: ga wani ɗan guntun shiri, ka saka shi cikin manhajarka, ni kuma in riƙa biyan ka gwargwadon yawan mutanen da ke amfani da ita. Daga nan, duk lokacin da manhajar ta duba inda kake don ta lissafa maka lokacin La'asar, guntun nan yana iya kwafar bayanin ya aika wa ubangidansa, haɗe da lokaci da wata lamba ta musamman da kowace waya ke da ita don talla.

A lokacin binciken, X-Mode ya ce shirinsa na cikin manhajoji kusan 400, yana kuma bibiyar wayoyi miliyan 25 a Amurka duk wata, da wasu miliyan 40 a sauran ƙasashe. Ba na addini kaɗai ba ne, akwai na neman aure, na ƙirga taku, na duba yanayi. A Disambar wannan shekarar Apple da Google suka umarci masu manhajoji su cire shirin X-Mode ko a kore su daga rumbunansu. Amma ba shikenan ba. A Janairun 2021 aka gano wata manhajar sallah, Salaat First, tana aika irin wannan bayani ga wani kamfanin Faransa mai suna Predicio. A 2022 kuma Google ya cire manhajoji da dama, ciki har da na sallah da na nuna alƙibla, bayan masu bincike sun gano wani shiri na kamfanin Measurement Systems da ke Panama yana kwasar bayanai a ɓoye.

"Ai ba sunanka a ciki"

Abin da dillalan kan faɗa kenan: lamba ce kawai, ba suna. Na taɓa gwada wannan magana a aji. Ina koyar da darasin zamantakewa a ƙaramar sakandare, sai na zana ɗigo uku a allo na ce da yara: ga wata waya, kullum a wannan gidan take kwana, da asuba ta je wancan masallacin, ƙarfe bakwai na safe kuma tana ƙofar makarantar nan. Ta waye? Ban rufe baki ba suka ce, "Malam, taka ce!" Yara 'yan shekara 13 ke nan, babu kwamfuta a gabansu.

Masana sun auna abin tun 2013. Wasu masu bincike daga jami'ar MIT ta Amurka da jami'ar Louvain ta Beljiyam sun duba bayanan wayoyin mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15, waɗanda aka cire wa sunaye. Suka samu cewa wuri huɗu kacal, da lokacin da aka je kowanne, sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Sawun mutum ma suna ne. Yana nuna masallacin da yake bi da malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, asibitin da yake zuwa duk Talata, gidan da yake zuwa zance, da taron siyasar da ya halarta.

Me ya kai gwamnati kasuwa?

A 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ke tattara bayanan kiran wayar jama'a, da yadda take karɓar bayanai daga manyan kamfanonin intanet ƙarƙashin shirin PRISM. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka ɗan gyara doka. A 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa sai da takardar izinin alƙali jami'an tsaro za su karɓi tarihin wuraren da wayar mutum ta je daga kamfanin sadarwa.

Sai aka canza hanya. A Janairun 2021 ta bayyana cewa hukumar leƙen asiri ta ma'aikatar tsaron Amurka ta shaida wa Sanata Ron Wyden a rubuce cewa tana sayen bayanan wurare daga 'yan kasuwa, kuma a fahimtarta wancan hukunci bai shafi abin da aka saya da kuɗi ba. Wato abin da alƙali ya ce ba a karɓa sai da izininsa, an same shi shimfiɗe a kasuwa. Kada kuma a raina irin waɗannan bayanai. Janar Michael Hayden, wanda ya taɓa shugabantar NSA da CIA, ya faɗa a wata muhawara a 2014 cewa suna kashe mutane bisa dogaro da bayanan da ke kewaye da sadarwa, irin su wa ya kira wa, yaushe, daga ina. Sai a Janairun 2024, fiye da shekara uku bayan fallasar, hukumar kula da ciniki ta Amurka ta haramta wa X-Mode sayar da bayanan da ke nuna zuwan mutane wuraren ibada da asibitoci.

Mu nan Ghana fa?

Wani zai ce wannan rigimar Amurka ce. To mu duba gida. Daga Oktoban 2021 aka fara sake rajistar layukan waya da Ghana Card, mun sha layi a rana, aka ɗauki hoton fuska da zanen yatsu. Yau lambarka tana ɗaure da sunanka, da fuskarka, da asusunka na MoMo. Akwai amfani a ciki, domin 'yan damfara sun dame mu. Amma duk abin da aka tara wuri ɗaya, wanda ya riƙe makullin ya riƙe komai.

A Maris ɗin 2020, lokacin korona, gwamnati ta fitar da wata doka mai lamba E.I. 63 wadda ta umarci kamfanonin sadarwa su miƙa bayanan masu amfani da layukansu, da sunan bibiyar masu cutar. A Mayun wannan shekarar kuma wata Babbar Kotu a Accra ta ɗaure tsofaffin manyan jami'ai uku, biyu daga hukumar sadarwa ta NCA, ɗaya daga ofishin tsaron ƙasa, kan dala miliyan 4 da aka biya wajen sayo Pegasus, na'urar kamfanin NSO na Isra'ila da ke iya kutsawa cikin waya ta karanta saƙonni ta kunna kyamara mai ita bai sani ba. A lura da kyau: asarar kuɗin gwamnati da karya ƙa'idar kwangila aka hukunta. Wa aka yi niyyar saurara da na'urar, wannan ba shi ne a gaban kotu ba.

Ɓangaren 'yan kasuwa ma mun ɗanɗana. Manhajojin bashin nan na "karɓi yanzu-yanzu" kan nemi izinin shiga lambobi da hotunan da ke wayarka. Ka makara kwana biyu, sai surukinka da limamin unguwarku su samu saƙo cewa kai ɓarawo ne. A 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da sunayen irin waɗannan manhajoji 97 da ba su da lasisi, a Yulin shekarar kuma hukumar EOCO da abokan aikinta suka kama mutum fiye da 400 a samame.

"Ni ba ni da abin ɓoyewa"

Ina yawan jin wannan a majalisa, kuma mutanen kirki ne ke faɗa. Amma in haka ne, don me muke rataya labule a ƙofar ɗaki? Don me baƙo ke yin sallama ya tsaya a waje? Babu laifin da ake aikatawa a ciki, sutura ce kawai. Addu'ar da muka fi yi wa juna ita ce Allah ya rufa asiri, ba don muna masu laifi ba, sai don kowa na da bashi, ko ciwo, ko matsalar aure da ba ya son a ji a bakin titi. Addininmu ma ya hana bin diddigin mutane, maganar tana nan a Suratul Hujurat.

Mu da muke tsiraru kuma abin ya fi shafar mu. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya fallasa yadda 'yan sandan birnin New York, inda 'ya'yan zango da yawa ke neman abinci, suka yi shekaru suna sa ido kan masallatai, gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi. A 2012 wani babban jami'insu ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa cewa sashen da ke wannan aiki bai taɓa samo bayanin da ya kai ga buɗe binciken ta'addanci ko ɗaya ba. An rufe sashen a 2014, amma ɓarnar ta riga ta auku: wasu sun rage zuwa masallaci, limamai sun riƙa tauna kalmominsu, kowane sabon zuwa ana yi masa kallon ɗan rahoto. Mutumin da ya san ana kallonsa yakan kama bakinsa tun ba a ce masa uffan ba.

Akwai kuma abin da ya fi damu na. A kwalejin horar da malamai an koya mana cewa fayil ɗin ɗalibi amana ne, ba a buɗe shi gaban kowa. Yau wayar malami ɗaya na ɗauke da hotunan yara 50, sakamakon jarrabawarsu da lambobin iyayensu. Ta sakataren masallaci na ɗauke da sunayen masu karɓar zakka. Wanda ya ba wata manhaja izinin shiga lambobinsa, asirin mutanen da ba a tambaye su ba ya bayar. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ma waya ya kamata ta zama.

Abin da ke hannunmu

Ban ce kowa ya jefar da wayarsa ba. Yawancin manhajojin sallah suna ba ka damar rubuta sunan garinka da hannu, daga nan sai ka rufe izinin wuri, lokutan za su ci gaba da fitowa daidai. Shiga saitin waya ka duba wace manhaja ce ke da izinin wuri, lambobi, kyamara da makirfo. Tocila ba ta da abin yi da lambobin danginka. A Android ana iya goge lambar talla, a iPhone ana iya hana manhajoji bibiyarka. Kada a riƙa tura hoton Ghana Card a zaurukan WhatsApp. Wanda masu bashin intanet ke yi wa barazana yana iya kiran hukumar tsaron intanet a 292.

Sai dai saiti kaɗai ba zai wadatar ba, dole a haɗa da doka, kuma muna da ita. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gida da na sadarwa. Dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ba ka ikon tambayar kowane kamfani abin da ya ajiye a kanka, ka kuma kai ƙorafi hukumar kare bayanai. Waccan doka ta E.I. 63 ma ba ta tafi haka nan ba. Wani lauya, Francis Kwarteng Arthur, ya kai ƙara shi kaɗai, kuma a Yulin 2021 Babbar Kotu ta ce tattara bayanan ya keta haƙƙin sirri, ta ba da umarnin a daina, a kuma goge abin da aka tattara.

In mutum ɗaya ya iya wannan, sarakunan zango da limamanmu da ƙungiyoyin matasa sun fi ƙarfin su yi shiru. Idan ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, bayan maganar kwata da ruwan famfo, a tambaye shi: wa ke da ikon buɗe bayananmu, alƙali ne ke ba shi izini, kuma wa ke sa masa ido? Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon rufa wa 'yan'uwanmu nasu.