Motocin rimot masu hawan duwatsu: Abin lura kafin saye

Ƙananan motocin da ake sarrafawa daga nesa da rimot, waɗanda aka ƙera musamman domin hawan duwatsu, sun samu kasuwa mai ƙarfi a Amurka da Turai da gabashin Asiya, inda manyan mutane ke kashe ɗaruruwan daloli a kansu.

Motocin dai kwaikwayo ne na manyan motocin jif da ake gwada ƙwanji da su a wurare masu wuyar bi, irin su tsaunukan Mowab a jihar Yuta, da hanyar Rubikon a jihar Kalifoniya.

Wadda aka fi saye ita ce mai girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske. Tsawonta ya kai kusan rabin mita, farashinta kuma kan kama daga wajen dala 300 zuwa sama da 500, galibi ba tare da batir da caja ba.

Mafarin lamarin

Tun da farko babu kamfanin da ke sayar da irin wannan mota. Masu sha'awar abin kan sayi Clod Buster, wata motar wasa mai manyan tayoyi da kamfanin Tamiya na Japan ya fitar a shekarar 1987, su cire ƙafafunta su ɗora a kan shasin da suka ƙera da hannunsu.

A shekarar 2007 ne kamfanin Axial na Kalifoniya ya fitar da AX10 Scorpion, wadda ta sauƙaƙa wa jama'a shiga harkar. Daga bisani ya biyo ta da SCX10, mai shasi da bodi irin na motar gaske. Shekaru goma bayan Scorpion, wato a 2017, kamfanin Traxxas na jihar Teksas ya shigo da TRX-4. Yawancin muhawarar da ake yi kan wace mota ta fi dacewa da sabon shiga, tsakanin zuriyar waɗannan biyun take kewayawa.

Sannu ita ce gwaninta

Motar hawan dutse ba ta cika wuce saurin mutum mai sassarfa ba. A gasar da ake shiryawa, akan kafa ƙofofi a kan duwatsu, kuma direba na tara makin laifi ne idan ya ja da baya, ko ya taɓa alamar ƙofa, ko motar ta kife, ko ya sa mata hannu. Wanda ya fi ƙarancin maki shi ne zakara.

Saboda haka abin da ake nema shi ne mota mai iya tafiyar hawainiya ba tare da fizga ba, wadda kuma ke tsayawa cak a kan gangare da zarar an saki maƙunnin rimot. Wannan birki yana fitowa ne daga na'urar daidaita gudu, wadda ke riƙe injin da kanta. Motar da ba ta da shi sai ta gangaro da baya, komai tsadarta.

Abu na biyu shi ne taya. Tayoyin kan zo da robar da ta fi ta sauran motocin wasa laushi, da soso a cikinsu a madadin iska, domin su lanƙwashe su rungumi dutse. Girman gare da aka fi amfani da shi inci 1.9 ne. Akwai garen da ake manna masa taya da gam, akwai kuma wanda ke danne bakin tayar da zobe da sukurori. Na biyun ya fi daɗin sha'ani, domin ana iya sauya taya ko soso a sake ɗaurewa. Sauya tayoyi kaɗai kan canza halin mota fiye da duk wani gyara mai irin kuɗinsa.

Na uku kuwa, inda nauyin motar ya taru. Ana so ya sauka ƙasa sosai, ya kuma rinjaya gaba, kamar kashi 60 cikin ɗari a gaba, 40 a baya. A nan ne ado kan cuci mai shi. Bodi mai kariya a rufi, da tayar safaya a baya, da jarkoki da tsani, yana da kyau a hoto, amma shi ne ke kifar da mota a kan gangaren da wata mai bodi marar nauyi za ta haye lafiya. Shi ya sa masu harkar ke ɗaura tagulla a kusa da tayoyin gaba.

Aksul iri biyu

Aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu, shi ne wurin da mota ta fi maƙalewa a kan dutse. TRX-4 ta yi suna ne da wani salo, inda aka sa ƙananan giyoyi a bakin kowace taya, suka ɗaga aksul ɗin sama da tsakiyar tayar. Hakan na ba motar damar tsallake dutsen da zai tokare cikin wata. Axial ma ya bi sahu a SCX10 III da ya fitar a 2020.

Sai dai kuma ɗaga aksul na nufin ɗaga nauyi, sannan kowace ƙafa ta samu ƙarin giyoyi da boris da ke bukatar giris da dubawa. Miƙaƙƙen aksul, irin na Enduro da Element RC ya fitar a 2019, ya fi zama ƙasa, ya kuma fi sauƙin kwancewa. Enduro ta zo da wata dabara, inda tayoyin gaba ke ɗan fin na baya saurin juyawa, abin da ke taimaka wa motar ta ja kanta sama ta kuma sha kwana a ƙaramin wuri.

Wanda filinsa ke cike da tarin duwatsu da saiwoyi zai ji daɗin aksul mai tudu. Mai hawan falalen dutse mai gangare kuwa, miƙaƙƙen ya fi masa.

Yawan na'urori, yawan gyara

Cikakkiyar TRX-4 tana da giya biyu, ta gudu da ta ƙarfi, kuma daga rimot ana iya kulle ko buɗe giyar tsakiyar kowane aksul, wadda ke barin tayar dama da ta hagu su juya da sauri daban-daban. Abin burgewa ne, to amma ƙananan na'urori uku ne ke yin wannan aiki, biyu daga cikinsu ta hanyar siraran wayoyi, kuma idan saitinsu ya goce sukan ƙone.

A kan dutse kuwa kusan kullum a kulle ake son giyar, domin dukkan tayoyi huɗu su ja tare. Wannan ne ya sa Traxxas ya fitar da TRX-4 Sport, mai giya ɗaya da aksul a kulle dindindin. Ta fi araha, ta fi rashin nauyi, kuma a hawan dutse zalla ba ta gaza babbar yayarta ba. Ga mai sayen motarsa ta farko, irin wannan ce ta fi hankali.

Abin da ya fi saurin mutuwa a kusan kowace mota da aka saya a haɗe shi ne na'urar sitiyari, domin ita ke kokawa da taya idan ta maƙale tsakanin duwatsu. Mai saye ya ware kuɗin wata mai giyoyin ƙarfe tun daga ranar farko, ya kuma duba ko sukurori huɗu kawai zai kwance ya kai gare ta, ko sai ya wargaza rabin motar.

Inji da batir

Injin lantarki iri biyu ne. Mai burushi yana da araha, yana jure ruwa, yana tafiya a hankali ba gardama, sai dai burushin kan cinye, a sauya injin. Akan rubuta masa lamba kamar 35T ko 55T, kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon raguwar gudunsa. Marar burushi ya fi ƙarko da ƙarfi, amma idan ba mai na'urar gane juyin inji ba ne, yakan yi ta kakkarwa a ƙaramin gudu, wanda kuma nan ne ake bukatarsa.

Batirin LiPo shi ne ya mamaye harkar. Mai ɗaki biyu na ba da bolt 7.4, mai ɗaki uku kuma bolt 11.1. Yana da sharuɗɗa: kada cajin kowane ɗaki ya wuce bolt 4.2, kada a zuƙe shi ƙasa da bolt 3, idan kuma za a ajiye shi na kwanaki, a bar shi a wajen bolt 3.8. Batirin da ya kumbura ko ya huje na iya kamawa da wuta, don haka ba a barinsa a caji babu kowa, ba a kuma barinsa cikin mota a rana. Dokokin jiragen sama sun taƙaita jigilarsa, abin da ke sa shaguna da dama ƙin aika shi ƙetare. Mai oda daga Najeriya ko Nijar ya fara tabbatar da inda zai samu batir kafin ya biya kuɗin mota.

Kayan gyara

Duk motar da ke faɗowa daga kan dutse wata rana za ta karye, saboda haka samuwar kayan gyara ta fi duk abin da aka rubuta a jikin kwali muhimmanci. Manyan kamfanoni na buga zanen motar a wargaje, kowane sukuru da lambarsa. Motar da ba ta da irin wannan zane, ko wadda aka haɗe rimot da na'urar gudu da ta sitiyari a allo guda, idan abu ɗaya ya lalace an yi asarar duka.

Kamfanoni ma kan faɗi. A watan Janairun 2018, Hobbico, wanda ya mallaki Axial a lokacin, ya bayyana karayar arziki. Kamfanin Horizon Hobby na jihar Ilinoi ya saye Axial a wannan shekarar, aka ci gaba da ƙera motocinsa. Amma daga baya Horizon ya daina ƙera tasa motar hawan dutsen, Vaterra Ascender, masu ita suka koma farautar kayan gyara a kasuwar gwanjo.

Abin da ke kare masu SCX10 da TRX-4 daga irin wannan shi ne ɗimbin ƙananan kamfanoni, musamman na China, da ke ƙera musu kusan kowane sashe. Ingancin kayan ya bambanta ƙwarai, amma dai ana samu.

Wanda ke son sanin cikin motarsa na iya sayenta a wargaje ya harhaɗa da kansa. Hakan kan ci kwana biyu ko uku, kuma jimillar kuɗin kan fi yawa tunda sai an sayi rimot da inji daban, amma duk ranar da wani abu ya yi ƙara, ya san inda zai duba.

Bayan dawowa daga fili

Rubutun da ke cewa mota ba ta jin ruwa, kayan lantarkinta yake nufi. Boris da sukurori ƙarfe ne, kuma suna tsatsa. Bayan shiga ruwa ko laka, a wanke, a busar, a ɗiga mai, a kuma riƙa buɗe aksul lokaci-lokaci ana cusa giris mai jure ruwa. A wuri mai ƙura kuwa, man da ya yi yawa a waje yashi yake tarawa ya cinye giya, don haka goge shi ake yi.

Sukurun da ya shiga ƙarfe yana bukatar ɗigon gam mai hana warwarewa, musamman na sandar da ke kai juyi zuwa aksul. Makullai uku masu kusurwa shida, na milimita 1.5 da 2 da 2.5, sun isa kwance mafi yawan motocin.

Ga wanda ba shi da fili ko kuɗin babbar, akwai ƙanana irin su SCX24 ta 2019 da TRX-4M ta 2022, waɗanda ake samu ƙasa da dala 200 tare da batir da caja. Tarin duwatsu a kusurwar tsakar gida ya ishe su, sai dai ƙaramin injin SCX24 kan yi saurin ƙonewa idan aka cika mata nauyin tagulla.