WACE KAMARA TA DACE DA MAI ƊAUKAR KANSA CIKIN WASANNIN BIDIYO?

Cikin shekaru ashirin da suka wuce wata sana'a ta ɓullo a duniya wadda magabatanmu ba su san da ita ba, watau mutum ya zamna yana buga wasan bidiyo yana magana, jama'a kuma suna kallonsa ta intanet. Dandalin YouTube ya buɗe cikin shekara ta 2005. Twitch, wanda aka keɓe ma masu nuna wasa kai tsaye, ya biyo baya cikin 2011, bayan shekara uku kuma kamfanin Amazon ya saye shi bisa dalar Amurka miliyan 970. Wani ɗan ƙasar Suwidin da ake ce ma PewDiePie, wanda ya soma cikin 2010, ya yi suna da wasannin ban tsoro har ya kai mabiya miliyan 100 cikin 2019. Jama'a sun fi son ganin yadda fuskarsa ke sakewa sa'ad da ya firgita bisa ga ganin gwanintarsa ta wasa. Shi da ire-irensa suka sa ɗan akwatin nan mai nuna fuskar mai wasa a kusurwar allo ya zama al'ada.

Samarinmu na Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, masu buga Free Fire ko PUBG a salula, ko ƙwallon ƙafa bisa PlayStation, su ma sha'awar ta kama su. Tambayar da suke fara yi ita ce: wace kamara zan saya? Tambaya ce mai nauyi, domin kuɗin da za a kashe ko dai guminsu ne na watanni, ko kuwa na iyayensu ne. Kafin a amsa ta ya kamata a yi wani ɗan lissafi wanda masu sayarwa ba su cika yi ma mai saye ba.

Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne aka jera. Wanda ake kira 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, watau miliyan 2 da ɗan ɗori. Wanda ake kira 4K ya ninka shi sau huɗu. To, wasan shi ke cika allo, fuskar mai wasa kuwa kusurwa take samu. In aka ba ta rubu'in faɗin allo da rubu'in tsawonsa, rabonta ɗigo 480 ne a kwance da 270 a tsaye, kashi ɗaya ke nan cikin goma sha shida. Wanda ya sayi kamarar 4K don wannan ɗan gurbi ya yi kamar mai sayen turmin atamfa don ɗinkin hula. Bayan haka ga kuɗin intanet. Nuna wasa kai tsaye bisa megabit 6 cikin daƙiƙa, wanda shi ne iyakar da Twitch ya daɗe yana shawarta, yana cin giga 2,7 cikin awa guda. In aka sauka zuwa 720p bisa megabit 3, rabin haka zai ci, kuma mai kallo a ƙaramin allon salula da wuya ya lura da bambanci. Duk kyan kamara, ta wannan ƙunƙuntar ƙofa hotonta zai bi.

Kamarorin da ake amfani da su iri uku ne. Ta farko ita ce ƙaramar nan da ake maƙala ma kwamfuta, wadda ake ce ma webkam. A cikinsu babu wadda ta yi suna kamar Logitech C920, da ta fito cikin 2012 bisa kimanin dalar Amurka 100 (dalarsu fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba). Tana ɗaukar 1080p, hoto 30 cikin daƙiƙa. Ana soka ta ga kwamfuta ta kama aiki, babu batir, babu wahala. Ƙanwarta C922, ta shekara ta 2016, tana iya hoto 60 cikin daƙiƙa in an sauka zuwa 720p. Ga wanda ke wasa bisa kwamfuta, ɗaya daga cikin waɗanga ta wadatar, sai ya haɗa fuska da wasa cikin OBS Studio, wanda kyauta ake samunsa. Mai PlayStation 5 kuwa, kamfanin Sony ya yi masa tasa kamarar tun cikin 2020, wadda ke ɗora fuska bisa wasa ba tare da kwamfuta ba.

Ta biyu ita ce wadda yawancin mutane suka riga suka mallaka ba su sani ba: kamarar bayan salula. A wurare da yawa ta fi webkam kyan hoto. Da DroidCam ko Iriun ana iya mai da salula ta zama webkam, ta igiya ko ta iska, amma igiya ta fi aminci. Wanda a salular yake wasa, kada ya dogara ga kamarar gaba, domin salular tana motsi cikin hannunsa, yatsa yana rufe idonta, kuma daga ƙasan haɓa take ɗauka, har ƙofar hanci ta fi ido bayyana. Gara ya ari salula ta biyu ya kafa ta daidai tsayin idonsa. In zai soma ya tafa hannu sau ɗaya. Da ƙarar tafin zai daidaita bidiyon biyu wajen haɗawa.

Ta uku ita ce babbar kamara irin ta masu hoto, kamar Sony ZV-1 ta 2020 ko ZV-E10 ta 2021. Fifikonta na gaske ne, kuma yana cikin faifan da ke karɓar haske a bayan gilashi. Na yawancin webkam bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na ZV-E10 yana da milimita 23,5 bisa 15,6, kusan ninki ashirin ke nan. In ana ruwan sama aka ajiye ludayi da ƙwarya, kowa ya san wanda zai fi tarawa. Haka babban faifai yake tara haske, shi ya sa hotonsa ke fita sumul ko cikin ɗaki mai duhu. Sai dai ita wagga kamara ba ta zuwa ita kaɗai. Tana bukatar ƙafa uku, da batir na jabu wanda ake haɗa ma wutar lantarki, sau da yawa kuma da na'urar shigar da hoto kwamfuta irin su Elgato Cam Link. Masu ƙera ta galibi sun ƙayyade mata aiki tsakanin digiri 0 da 40, alhali kuwa cikin Afrilu da Mayu zafin garuruwanmu yakan zarce 40. Kamarar da ta yi zafi kashe kanta take yi a tsakiyar aiki. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga ciki duk sa'ad da aka cire gilashi. Mai sayen ta hannu ya ƙara lura da wani abu: tsofaffin kamarori da yawa suna tsayawa bayan minti 29 da daƙiƙa 59, sabili da wani harajin kwastan na Tarayyar Turai da ya ɗauki duk mai ɗaukar minti 30 a matsayin kamarar bidiyo. An janye harajin daga baya, amma kamarorin wancan zamani suna nan da halinsu.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi duk waɗanga muhimmanci, watau haske. Kamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, ta zaɓi matsakaici. In baƙin mutum ya zamna ya juya ma taga baya, ko bayansa farin bango ne, kamara za ta daidaita kanta da farin, fuskarsa ta koma inuwa, sai idanu da haƙora. Mai shi sai ya zargi kamara, ya tafi neman mai tsada, ita ma ta yi masa haka nan. Wagga matsala tsohuwa ce. Shekaru da yawa masu wankin hoto suna daidaita launi da wani kati na kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, sai cikin shekarun 1990 aka fito da wanda ya haɗa fata iri-iri. Cikin 2021 ma sai da kamfanin Google ya yi shelar wani gyara da ya kira Real Tone, don salularsa Pixel 6 ta ɗauki baƙar fata yadda take. Maganin kuwa ba shi da tsada. A juya tebur har taga ta koma gaban mai wasa ko gefensa. Da dare a kafa fitila a gabansa, ɗan sama da ido, ɗan karkace zuwa gefe, a rataya farin ƙyalle mai shara-shara nesa kaɗan da ƙwan don haske ya yi laushi, kada goshi ya riƙa ƙyalli. Bangon baya ya zama mai duhu-duhu. Daga nan a shiga saitin kamara a hana ta auna haske da kanta, domin allon wasa yana walƙiya ja da shuɗi, ita kuma tana bin sa sama da ƙasa. Fitilar caji ta fi dacewa da mu, tun da in wuta ta ɗauke ba za ta bar mutum cikin duhu ba. A ganinmu, webkam mai araha da fitila mai kyau ta fi babbar kamara a ɗakin da ba a gyara haskensa ba, da nisa.

Akwai wani ƙaramin saiti da ke ɓata ma mutane rai a banza. Wutar lantarkin ƙasarmu, kamar ta Faransa da Najeriya, mai bugu 50 ce cikin daƙiƙa, ta Amurka kuwa 60. Fitilu da yawa suna ƙifta ido tare da wannan bugu, ido bai gani amma kamara tana gani. In an saita ta bisa 60, sai a ga waɗansu layuka suna gangarowa bisa fuska. A nemi wurin da aka rubuta 50 Hz a zaɓa, layukan su ɓace.

Murya kuma kada a raina ta. Mai kallo yana jure ma hoto mai hazo, amma amon ɗaki da kukan fanka suna korarsa cikin minti guda. Mikron da ke jikin webkam ya yi nisa da baki. Ko na igiyar sauraron salula, in an matso da shi kusa da haɓa, ya fi shi. Wanda kuɗinsa ba su isa abu biyu ba, ya fara da mikro.

Kafin a biya kuɗi a kasuwa, a ce ma mai kanti ya haɗa kamarar a gani, domin akwai masu 4K a jikin kwali kawai. A duba kuma faɗin abin da take kamawa. C920 tana buɗe ido digiri 78, waɗansu har 90, watau ba fuska kaɗai ba, har da ƙofar ɗaki da duk wanda ya gitta. Gidajenmu ba na mutum guda ba ne. Akwai iyaye mata, da ƙanne, da matan yayye, waɗanda ba su yarda duniya ta gan su ba, kuma abin da ya fita kai tsaye ba ya komowa. A cikin OBS ana iya datse gefen hoto har ya rage kai da kafaɗu. In hakan bai samu ba, mai wasa ya jingina bayansa ga bango, ƙofa kuma ta kasance a bayan kamara.