Tsibiran da Jiragen Ruwan Shaƙatawa ke Yada Zango

Gajeren balaguron shaƙatawa a jirgin ruwa tafiya ce ta kwana uku zuwa biyar, wadda galibi ke farawa daga tashoshin jihar Florida ta Amurka, musamman Miami. Jirgin shi ne masauki kuma shi ne gidan cin abinci. Da dare yake tafiya, gari na wayewa ya yada zango a wani tsibiri, kafin magariba ya sake kama hanya.

Zangon da ya fi shahara shi ne Nassau, babban birnin ƙasar Bahamas, wadda ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a 1973. Tazararsa da Miami kusan kilomita 300 ce, tafiyar dare ɗaya. Jirage na tsayawa a bakin gari, don haka fasinja na sauka sai ya tsinci kansa a kasuwar masu saƙa, inda mata ke sayar da huluna da jakunkuna na kaba. Gaba kaɗan akwai Matakalar Sarauniya, mai hawa 66, wadda bayi suka sassaƙa a jikin dutse wajen 1793, ta miƙe zuwa sansanin tsaro na Fincastle da ke kan tudu. Darajar dalar Bahamas ɗaya take da ta Amurka, saboda haka baƙo ba ya buƙatar canji.

Akwai kuma tsibiran da kamfanonin jiragen suka saya ko suka karɓi hayarsu domin fasinjojinsu kaɗai: CocoCay na Royal Caribbean, Castaway Cay na Disney, da Great Stirrup Cay na Norwegian. Babu gari a cikinsu, sai rairayi da wuraren ninƙaya da rumfunan abinci. Kuɗin da aka kashe a nan yawancinsa aljihun kamfani yake komawa, saɓanin Nassau inda direban tasi da mai tireda ke samun rabonsu.

Tafiyar da ta kai kwana huɗu ko biyar takan leƙa tsibirin Cozumel na ƙasar Meziko, wanda ya yi suna da ruwa garai-garai da kufan mutanen Maya na San Gervasio. A tsibirin Grand Cayman kuwa, manyan jirage ba su da matsaya a gaɓa. Can cikin teku suke tsayawa, ƙananan jirage su yi ta jigilar mutane. Idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, sai a fasa zangon.

Lokaci ne ke mulkin kowane zango. Agogon jirgi kan saɓa da na tsibiri, kuma na jirgin ake bi. Wanda ya makara a yawon kansa, jirgi ba ya jiransa, shi zai biya kuɗin cimma jirgin a gaba. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwar teku ne. Farashin balaguron kan faɗi a wasu watanninsa, amma matuƙi na da ikon sauya zango ko soke shi gaba ɗaya.